Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Limamai, Malamai Da Shugabannin APEE Na Garwa, Kamaru: A Bar Yaro Ya Tambayo Gida

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Allah ya gafarta malamai: limamanmu, alarammomin makarantun allo, malaman islamiyya, daraktocin firamare, da shugabannin ƙungiyar iyaye da malamai da muke kira APEE. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina neman afuwa da na haɗa ku duka a takarda ɗaya. Dalili shi ne yaro ɗaya ne yake zagaya hannuwanku. Da asuba yana gaban alaramma, da hantsi yana aji, da la'asar yana islamiyya. Bayan isha'i kuma yana kwance a tabarma da wayar uwarsa a hannu, inda babu ko ɗayanku.

Ni ba malami ba ne. Gyaran waya nake yi a wata rumfa kusa da babbar kasuwa, kuma Allah ya ba ni yara huɗu, babbarsu tana CM2, ajin ƙarshe na firamare, ƙaramin bai shiga SIL, wato aji ɗaya, ba tukuna. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a gaban waɗanda suka fi ni sani abu biyu ne da na gani da idona, ɗaya a gidana, ɗaya a kan teburin aikina.

Bara, cikin zafin nan na watan Afrilu, ɗana na biyu mai shekara 8 ya yi lattin dawowa daga islamiyya. Ana shirin kiran magariba ya shigo, hannunsa a dunƙule. Na buɗe hannun, sai ga sefa 100. Na ce daga ina? Ya ce aikensa aka yi. Ban tsaya tambayar wa ya aike shi ba, na ja masa kunne saboda latti, na wuce masallaci. Bayan kwana uku wata tsohuwa mai tuyar ƙosai a bakin lungunmu ta tare maiɗakina. Ta ce ranar nan ta ga wani ya aiki yaron sayen sukari da ganyen shayi, da ya dawo sai ya ce masa ya shigo da su ciki, ya saki labule. Hankalinta bai kwanta ba, sai ta ɗaga murya ta kira yaron da sunansa, ta ce uwarka na nemanka, maza. Ƙarya ta yi, Allah ya saka mata da alheri. Yaron ya fito.

Mutumin nan sahu ɗaya muke sallah da shi. Yarana Kawu suke ce masa. Ban ga ya aikata komai ba, don haka ba zan ɗora masa abin da ban gani ba. Amma da na zaunar da yaron na lallashe shi, sai na ji wannan ne aike na uku. Na farko ya ba shi 25 a bakin ƙofa. Na biyu 50 a zaure. Na uku 100, a ɗaki. Na ce don me ka shiga? Ya dube ni ya ce, "Baba, ai kai ka ce in babba ya aike ni in je." Na ce to don me ba ka gaya mini ba? Ya ce Kawu ya ce tsakaninsu ne, kuma ni na riga na ja masa kunne.

Daren nan ban yi barcin kirki ba. Yaron bai saɓa wa tarbiyyar da na ba shi ba ko da taku ɗaya. Tarbiyyar ce ta ɗauke shi ta kai shi bayan labule.

A makarantar boko, abin da aka fi gaya wa yara shi ne kada su kula wanda ba su sani ba. Da Faransanci maganar tana da sauƙi, kalma guda ta ɗauke ta. To, a juya ta zuwa Hausa mu gani. Sai dai ka ce baƙo. Wane baƙon? Wanda tun yaro yana rarrafe yake ganin an shimfiɗa masa tabarma, an kawo masa ruwan randa, wani lokaci har a yanka masa kaza? Mu ne fa muke cewa baƙonka annabinka. A watan Janairun 2022, lokacin gasar ƙwallon Afirka, garin nan ya cika da baƙi, Najeriya da Masar da Sudan da Gini Bisau suna wasa a filin Rumde Ajiya, muka yi ta alfahari da irin tarbar da muka yi musu. Mu kanmu Hausawan Garwa, kakanninmu a baƙi suka zo, da fatauci da neman ilimi, aka ba su masauki a bakin Binuwai. Yaron da ya tashi a cikin wannan, ka ce masa ya guji baƙo, ka rikita shi ne kawai. Zai zana wani dodo a zuciyarsa, mai jan ido da buhu a kafaɗa, duk wanda bai yi kama da dodon nan ba kuwa ya tsira daga zargi. Mugu kuwa ba shi da kama.

Ko da maganar ta juyu daidai, ba ta kama ɓarawon ba. Masu aikin kare yara a ko'ina sun haɗu a kan cewa yawancin masu cutar da yaro mutanen da ya sani ne: maƙwabci, ɗan uwa, mai shago, abokin uba, wani lokaci mai koyar da shi. Ku malamai kun fi ni sanin ƙissar Annabi Yusufu, amincin Allah ya tabbata a gare shi. Waɗanda suka ɗauke shi daga gaban mahaifinsa suka jefa shi rijiya 'yan uwansa ne, kuma da sunan wasa da shaƙatawa suka nemi a ba su shi, har da alkawarin za su tsare shi. Kowane yaro a makarantar allo yana jin wannan ƙissa. Ban taɓa jin an tsaya a nan an ce wa yaran, kun ga, ba fuska ake dubawa ba, abin da mutum yake nema a wurinka ake dubawa.

Na san akwai satar mutane ta gaske a yankinmu, ba na musun ta. Mun sha jin masu garkuwa a dazukan wajen Tuboro da Mayo Rey. Ba mu manta watan Yulin 2015 a Marwa ba, lokacin da aka ɗaura wa yara mata bama-bamai aka turo su cikin jama'a. Amma ko a nan, ku duba da kyau, babba ne ya ce wa yaro je ka, yaro ya je.

Abu na biyu ya faru a rumfata. Wata mata ta kawo waya gilashinta ya fashe, ta ce ta yi sati a kashe. Na canza gilashin, na kunna a gabanta don ta ga aikin ya yi, sai saƙonni suka fara zubowa kamar ruwan Agusta. Sana'armu amana ce, ba ma leƙa wayar mutane. Ita ce ta ce in duba mata ko ƙanenta na Duwala ya turo wani abu, don ba ta karatun boko. Sai ta ga wani suna da ba ta sani ba, an ajiye shi da "Anti". Ta ce danna mu ji. Saƙon murya ne, da Hausa tsantsa, muryar namiji. Yana tambayar me ya sa 'yar ƙanwarsa ta yi shiru kwana biyu, ko kiredin da ya turo bai shigo ba, kuma yana jiran hoton da aka yi masa alkawari, ba mai hijabi ba wannan karon. A ƙarshe ya ce, in kin ji ki share.

'Yarta shekararta 10. Wayar uwar take ɗauka da daddare da sunan duba aikin gida a rukunin WhatsApp na ajinsu. Matar nan ta zauna a kan benci, ta kama kai, kalmar farko da ta fito daga bakinta ita ce, "Yau sai na karya ta." Ta biyu, "Share mini duka." Na roƙe ta kada ta yi ko ɗaya. Na ce in ta doki yarinyar ta rufe bakinta ke nan har abada, in kuma ta share ta wanke mutumin da hannunta. Ta ce in an ji wannan magana a unguwa wa zai auri 'yarta? A rufa asiri. Ta biya ni kuɗin gilashi ta tafi, ba ta sake dawowa ba.

Ina so ku lura da abu ɗaya. A wurin yarinyar nan, mutumin ba baƙo ba ne. A waya ma babu baƙo kwata-kwata, wanda ya gaishe ka kwana uku a jere ya zama ɗan gida. Kuma tafiyar iri ɗaya ce da ta bayan labule, ba bambanci sai na ƙofa. Da gaisuwa ake farawa, sai yabo, ke kin fi sa'anninki hankali, sai 'yar kyauta. A lungu sefa 25 ce, a waya kiredi ne ko data, ga yara maza masu buga Free Fire kuwa alkawarin lu'ulu'un cikin wasan ne, ko wani ya ce shi wakilin ƙwallo ne zai kai su Turai. Yaron Bahaushe ya san wanda ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski, ko ba a taɓa faɗa masa karin maganar ba ya sha ta a nono, saboda haka yana jin nauyin cewa a'a ga wanda ya yi masa alheri. Daga nan sai sirri, kada ki gaya wa kowa. In hoto ɗaya ya fita hannu, murya ta canza: ki ƙaro, ko in tura wa babanki. A wannan gaɓar mutumin ba ya buƙatar ƙarfi. Tsoron da yaron yake yi cewa za mu doke shi shi ne igiyar da ya ɗaure shi da ita.

Ta ina suke samun lambar? Ba wani tsafi. Duk wanda yake cikin rukunin WhatsApp irin na aji ko na biki ko na wa'azi yana ganin lambobin sauran. Rukunin da aka buɗe shi da mahaɗin gayyata, aka yi ta tura mahaɗin daga hannu zuwa hannu, kowa ma yana iya faɗowa ciki. Sannan mu iyaye muna taimakawa ba mu sani ba. Ranar komawa makaranta a watan Satumba, ko ranar faretin matasa, 11 ga Fabrairu, sai ka ga an cika status da hotunan yara cikin yunifom, tambarin makaranta a ƙirji, an rubuta cikakken suna har da aji. Wanda ya ga wannan ya san sunan yaro, ya san ƙofar da zai tsaya, ya san ƙarfe nawa ake tashi. In ya kira yaro da sunansa ya ce babanka wane ne ya aiko ni, me ya rage?

Kamfanonin WhatsApp da Facebook da TikTok duka sun rubuta cewa sai mai shekara 13 zai buɗe shafi. Wannan sharaɗi bai taɓa haɗuwa da yaranmu a hanya ba, domin ba su buɗe komai ba. Wayar Inna ce, shafin Inna ne, Inna kuma tana madafa. Doka ma akwai. Ƙasarmu tana da dokar laifukan intanet tun Disamba 2010, da dokar hana safarar mutane ta Disamba 2011, sannan ranar 25 ga Yulin 2023 aka sa hannu a kan dokar da aka yi musamman don kare yara a intanet. Madalla. Sai dai an rubuta su da Faransanci da Ingilishi a Yawunde, matar da ta zauna a bencina kuwa ba ta san da zamansu ba. Ko ta sani, doka ba ta fara aiki sai wani ya buɗe baki, mu kuwa abin da muka fi ƙwarewa a kai shi ne rufe shi.

Shi ya sa babbar buƙatata tana wurinku, limamai, kuma ba a kan yara take ba, a kan manya take. Akwai jimla ɗaya da nake so kowane yaro a Garwa ya samu izinin faɗa wa kowane babba: "Bari in tambayo gida." In an aike shi wurin da ba hanyarsa ba, in an ce ya shigo ɗaki, in an ce ya hau babur, in an miƙa masa kyauta, in an nemi hotonsa ko lambarsa. Ya gaishe da mutum, ya durƙusa in durƙuson ne, ya ce Kawu bari in tambayo Inna. Koya wa yaro wannan jimla aikin minti biyar ne. Wahalar ita ce garin ya yarda ya ji ta. Yau in yaro ya faɗe ta, za a ce ba shi da kunya, 'ya'yan zamani, ubansa bai koya masa ladabi ba, wataƙila ma a kai ƙararsa gida a ƙara masa da bulala. Ni in na faɗa a majalisa, za a ce mai gyaran waya ya sha Turanci. In kuka faɗa a kan mumbari ranar Juma'a cewa yaron da ya nemi izinin iyayensa kafin ya bi wani bai yi rashin ladabi ba, kuma babban da ya ji haushin haka ya binciki kansa, magana ta zauna.

Na san abin da wasu dattawa za su ce, don an riga an faɗa mini: ɗa na kowa ne, kana so ka rushe abin da ya riƙe unguwa. Ban ƙi ba, ɗa na kowa ne, kuma tsohuwa mai ƙosai ita ce shaidata. Da ta ce ba ruwanta, da yanzu wani labarin nake ba ku. Amma ɗa na kowa ne wajen tsaro da tsawatarwa a bainar jama'a, ba wajen keɓewa da shi ba. Addinin da kuke karantar da mu ya riga mu sanin haka. A Suratun Nur an umarci yara su nemi izini kafin su shiga wa iyayensu a lokuta uku, kafin asuba, da tsakar rana lokacin hutu, da bayan isha'i. An umarce mu mu raba wa yara makwanci in sun kai shekara 10. Addinin da ya sa iyaka tsakanin yaro da ɗakin uban da ya haife shi ba zai bar ɗakin maƙwabci a buɗe ba.

Malaman islamiyya, ku kuma kuna riƙe da mabuɗin da babu mai shi sai ku. Mu iyaye kunya tana ɗaure mana harshe, ba ma iya ambaton jikin yaro a gabansa. Ku kuwa kullum kuna ambata, cikin tsarki da alwala da suturce al'aura, tun daga Ahalari. Yaro ya san iyakar al'aurarsa saboda sallah. Ku ƙara masa jimla ɗaya a kan darasin da kuke yi dama: wurin nan da kake rufewa don Allah, babu mai ikon gani ko taɓawa ko ɗaukar hotonsa, ko Kawu ne, ko Baffa ne, ko Yaya ne, ko ni malaminka ne, sai uwa wajen wanka ko likita a gaban iyaye. Ku sa kanku a cikin lissafin, Allah ya gafarta malam. Malamin kirki ba ya rasa komai da faɗin haka, kuma yaro in ya ji daga bakin malam cewa dokar ta hau kan malam, ya san ta hau kan kowa.

Sai maganar sirri. Ya kamata yaro ya san cewa duk babban da ya ce masa kada ka gaya wa uwarka, to wannan ita ce maganar da zai fara kai wa uwarsa. Amma a nan sai mun gyara kanmu. Sau nawa muke ce wa yaro kada ka gaya wa babanka na fita, kada ka gaya wa Gwaggo an dafa nama? Ni ma na sha yi, na saya wa ɗaya alewa na ce kada sauran su ji. Mu muke horar da su riƙe sirrin manya, wani ya zo ya tarar da gona a share.

Alarammomi, tambayata gare ku mai nauyi ce, ku yi haƙuri da ni. Duk abin da na faɗa a sama ya tsaya ne a kan gida: tambayo gida, gaya wa Inna. To almajiri ɗan shekara 7 da aka kawo daga ƙauye, wane gida zai tambayo? Shi ne yaron da ya fi kowa shiga zaurukan mutane, ya fi kowa karɓar aike, ya fi kowa jin yunwar da za ta sa ya bi mai kwano. Kuma in wani abu ya same shi, babu tsohuwar da ta san sunansa balle ta ƙwala masa kira. Ina roƙon kowace tsangaya ta zama tana da mutum ɗaya, ko matar malam ce ko wani dattijon unguwa, wanda ƙananan suka san za su iya kai masa magana ba tare da gardi ya ji ba. A raba wurin kwanan ƙolo da na gardawa. A hana ƙananan fita bara su kaɗai, kuma a gaya musu kwano yana tsayawa a bakin ƙofa. Haka ma 'yan talla, faranti ba ya shiga ɗaki, komai yawan cinikin. Sai dai wannan ba za ta yiwu ba muddin uwa tana dukan yarinya don ta dawo da kwantai. Yarinyar da ta san bulala na jiranta, in aka ce shigo in saye duka, shiga za ta yi.

Daraktoci da shugabannin APEE, naku ya fi sauƙi, kuma bai kai kuɗin fentin aji ɗaya ba. Kowace shekara muna biyan kuɗin APEE, muna zama a taro a yi maganar benci da alli da albashin malaman da iyaye ke biya. A ƙara wannan a ajanda. Yaran SIL da CP, wato aji ɗaya da aji biyu, a rubuta sunan wanda aka yarda ya ɗauke su, mai gadi ya riƙe takardar. Da yawanmu masu babur ne suke kai mana yara, 'yan kilando, kuma in wanda aka saba da shi bai samu zuwa ba yakan turo abokinsa. Yawancinsu mutanen kirki ne masu neman halal, amma yaro ba shi da hanyar bambancewa. A gidana yanzu muna da wata kalma da muka ajiye tsakaninmu, duk wanda ya ce ni na aiko shi sai ya faɗe ta, in bai sani ba yaro ya koma wurin malami. Rukunin WhatsApp na aji kuma a rufe shi, malami kaɗai ke saka mutum, a daina yawo da mahaɗin gayyata, kuma a daina turo aikin gida da ƙarfe tara na dare, don shi ne hujjar da yaro ke karɓar waya da ita.

Akwai abubuwan da za a koya a aji cikin wasa, ba tare da an firgita kowa ba. Yaro ya san cikakken sunansa da na ubansa da unguwarsu. Ya haddace lambar uwarsa. Lamba tara ce kacal, yaron da ya haddace daga Nasi zuwa Sabbi ba za ta gagare shi ba. In ya ɓata a kasuwa, kada ya bi mai cewa zo in kai ka gida, ya nufi mace mai goyo ko mai shago a cikin shagonsa ko mai kaki, ya ba da lambar a kira. Kun ga a nan baƙon ne ma zai cece shi. Sannan a koya masa abin da zai faɗa in an ja shi da ƙarfi. Kuka kaɗai ba ya aiki a garin nan. In muka ga babba yana jan yaro yana ihu, cewa muke yi ja shi, ɗan banza ba ya son makaranta. Sai ya faɗi kalmomi: wannan ba babana ba ne, ban san shi ba. Da Hausa, da Fillanci, da Faransanci, a maimaita a filin makaranta da ƙarfi har kunya ta fita. Manyan aji su san 117 na 'yan sanda da 113 na jandarma.

Ga iyayen da za su zo taron, ku gaya musu abin da na kasa sa matar nan ta ji. In ka ga irin wannan saƙo a waya, kada ka share, kada ka kira mutumin ka zage shi ya cire layi ya jefar. Ka ɗauki hoton allon, ka ajiye saƙon murya, ka rubuta lambar. Bisa ƙa'ida kowane layi da katin shaida ake yi masa rajista, kuɗin da aka turo ta MoMo ko Orange Money kuma yana barin sawu. Ka kai wa 'yan sanda ko jandarma. Kafin duk wannan, ka ce wa yaron ya kyauta da ya faɗa, ko da ranka yana tafasa, ko da shi ya fara amsa gaisuwar. Faɗan ya jira gobe. Waya kuma ta kwana a ɗakin iyaye, yaro in zai taɓa ta ya taɓa a tsakar gida inda ake ji. A cikin WhatsApp akwai wurin da ake hana wanda ba ka ajiye lambarsa ba saka ka a rukuni ko ganin hotonka, aikin minti biyu ne, amma cikin wayoyin da ke zuwa hannuna da wuya in ga wadda aka gyara.

Wannan ɓangaren na ɗauka a kaina. Ranar Laraba ana tashi daga makaranta da wuri. Duk makarantar da ta kira taron iyaye ranar Laraba da yamma, boko ko islamiyya, zan rufe rumfa in zo, in zauna da iyaye mata ɗaya bayan ɗaya in gyara musu wayoyinsu a gabansu, ba ko sisi. Na yi magana da abokan sana'ata biyu, sun ce za su biyo ni. Wanda yake nemana ya tambayi layin masu gyaran waya, za a nuna masa mai yawan surutu a kan yara.

Amma abin mumbari ba zan iya shi ba. Makon jiya wani maƙwabcinmu, mutumin kirki wanda ba na zarginsa da komai, ya kira yaron nan nawa ya ce ya je Yelwa ya karɓo masa saƙo. Yaron ya durƙusa ya ce, "Baffa, bari in tambayo Inna." Da daddare sai ga shi ya yi sallama a ƙofata, ransa a ɓace, ya ce shi ya ga haihuwar yaron nan, yau shi za a ce wa sai an tambayo? Ya ce in tashi tsaye, yaro yana lalacewa. Na ba shi haƙuri, na raka shi har bakin lungu. Ban ce wa yaron ya daina ba. Maƙwabcin nawa a bayan ɗayanku yake sallar Juma'a, kusa da gaba yake zama, kuma ba ya gyangyaɗi lokacin huɗuba.

Wassalam.

Ɗanku,
wani mai gyaran waya, uban yara huɗu,
Garwa.